Maiwar Kaka da Gumbar Sadakar Uku

Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinsa kowa ya nufa. Kakata, mahaifiyar mahaifina, ta riga mu isa. Ta rasu wata Talata da hantsi, a ɗakinta da ke ƙauyenmu kusa da Tsiga, a ƙarshen bazara, lokacin da hadari ke haɗuwa kullum da la'asar ya watse bai zubar ba. Ni ina hanyar Ibadan da lodin dawa. Saƙo bai same ni ba sai da na dawo Funtua, don haka ban ga jana'izarta ba. Ranar sadakar uku na iso.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni da ban saba rubuta komai ba sai sunana a jikin buhu, shi ne na ga masu makokinta. Idan aka bar labarinta a hannunsu, kafin shekara biyu ba abin da zai rage sai "Allah sarki, tsohuwa mai haƙuri." Kaka ba ta da haƙuri. Duk wanda ya ce tana da shi bai taɓa zubar mata da tsaba a ƙasa ba.

Baba Babba, wan mahaifina, na tarar zaune a ƙofar gida kan darduma, yana jan carbi mai ƙyalli. Alhaji ne, babban manomin masara, gidansa yana Malumfashi. Ya sa an ajiye motarsa daidai inda duk mai zuwa gaisuwa sai ya kewaye ta. Kowa ya durƙusa, sai ya ja numfashi ya ba shi labarin yadda ya so ya kai tsohuwa Makka ta ƙi. Sau huɗu na ji labarin nan kafin in tashi. Ban ji ya gaya wa kowa cewa rabonsa da leƙa ɗakinta tun azumin bara ba. A cikin gida kuwa Gwaggo ce ke riƙe da makokin, 'yar Kaka tilo mace, wadda ke aure a Kaduna. Da akwati biyu ta zo. An ce ta suma sau biyu, kuma duka biyun sai da tsakar gida ta cika da baƙi. Surukai da jikoki kowa da abin faɗinsa: wannan ta yi mafarkinta, waccan ita aka bar wa magana ta ƙarshe. Na ƙirga waɗanda aka bar wa magana ta ƙarshe, sun kai biyar.

Mutum ɗaya ce ta yi abin da ya shiga raina, wata Bayarabiya mai tallar tasoshi, wadda ta yi shekaru tana ajiye kayanta a zauren Kaka ranar kasuwa, ta sha fura ta huta. Ta yi gaisuwa. Ta ɗauki tsintsiya ta share ƙofar ɗakin Kaka tas, ta jingine ta, ta tafi.

Ni kuwa tun a mota abu ɗaya ke cina, kuma ba zan ɓoye ba: tukunyar iri.

Kaka tana da wata maiwa da ta zo da ita gidan aure daga ƙauyensu na bayan Dayi, a ƙulle a gefen zane. Maiwa ba ta da gaggawar gero. Gero ya nuna, a yanke shi, a ci, ita tana nan tsaye ko kai ba ta fitar ba, sai ruwa ya kusa ɗaukewa. Ta Kaka kuma daban take. Zangarniyarta gashi gare ta, tsuntsu ba ya iya sauka ya ci. Ƙwayar fara ce fat, furarta ba ta saurin tsami. Ni dillalin hatsi ne. Na zura hannu a buhunan kasuwar Funtua da Bakori da Dandume da Dayi, har Matazu, ban taɓa cin karo da ita ba. Da can rabin ƙauyenmu na shuka ta. Da sabuwar masara ta zo da takin zamani, kowa ya juya, har ya zama duk duniyar da na sani maiwar nan ba ta da gida sai gayaunar Kaka da ke bayan danga, da tukunya ɗaya a bayan gadonta. Idan abin da ke cikin tukunyar ya tafi, ta tafi ke nan.

Yadda take haɗa tukunyar ma abin kallo ne. Kafin a yanke gayauna, ita kaɗai za ta shiga da wuƙa, ta bi kara-kara, ta zaɓi zangarkun da suka fi cika. Ta ɗaure su ta rataye saman murhu, su sha hayaƙi wata biyu. Ba ta yarda su ga turmi. Da tafin hannu take murje su, ta cakuɗa da toka saboda ƙwari, ta zuba a tukunya, ta rufe, ta liƙe bakin da laka. Ba ta buɗewa sai ruwan shuka ya sauka. An taɓa yin shekarar da rumbu ya ƙare tun kafin damina ta raba, gidan aka koma cin rama da zogale, wata suruka ta yi zancen tukunyar. Kaka ta ce mata in yunwa ta matsa mata ta fara cin 'yan kunnenta.

Mijinta take kirana, ina kiranta amaryata, kamar yadda kaka da jika ke yi. Da na shigo za ta ce ga mijin banza ya zo, mai auna hatsin mutane bai taɓa shuka ƙwaya ɗaya ba. Ni kuma in ce amaryar da ba ta da haƙori ai sai a yi haƙuri da ita. Amma sana'ar da take zagi ita ta koya mini. Lokacin da na fara sayen hatsi mudu-mudu a kan keke, bayan rasuwar mahaifina, na kawo mata buhuna na farko ina taƙama. Ta zura hannu har gwiwa, ta ɗebo daga tsakiya, ta ciza, ta tofar. Ta ce ruwa aka sayar mini, dawar ba ta bushe ba, kuma ƙasan buhun tsohuwa ce da ƙwari suka gama da ita. Ta jera ƙorai biyar na hatsi, ta sa na rufe ido ina cizawa ina faɗi, in na yi kuskure ta ɗana mini ludayi a ƙeya. Sati guda muna haka. Ba ta taɓa ce mini sannu ba. Amma gidan da nake ciki yau a Funtua, da siton da ke gefensa, daga wannan haƙorin suka fito.

Haka take da kowa. Ba mai shiga gidan ya fita da yunwa, amma ba mai ci ya tsira daga bakinta: wannan lomarsa ta yi girma, wancan yana barin miya kamar ɗan sarki. Garin inji ba ta ci, wai warin mai yake yi. Daddawarta sai ta kai har Bakori ana nema, amma in ta ga mace ba ta wanke hannu da kyau ba, ko nawa ta kawo sai ta ce ta ƙare.

Rigimarta da Baba Babba a kan gayaunar ce. Shekarar da ya fara kawo tarakta, ya ce za a haɗe gayaunar da babbar gona a zuba masara, shi kuma ya riƙa aiko mata da buhuna har ta gaji. Ba ta yi musu ba. Da safe ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunno da mazari da auduga, ta je bakin gayaunar ta zauna tana kaɗi. Direba ya yi ta jira har rana ta take, ya kashe inji ya shiga inuwa. Da Baba Babba ya zo lallashi, a gaban 'yan ƙwadagonsa ta ce masa:

"Alhaji, da kunun maiwar nan na yaye ka. In ta yi maka wata illa, nuna mini inda ke ciwo."

Tarakta ta juya. Daga ranar bai ƙara shan furarta ba, wai tana ɓata masa ciki. Yanzu shi ne ke ƙofar gida yana share ido da bakin rawani.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Shekaru biyun nan taki ya yi wuya, ciyawar wuta-wuta ta cinye gonaki, masara ta tsaya iya gwiwa ta yi rawaya, amma gayaunar Kaka shar take da takin awakinta kawai. Idon ɗan kasuwa gare ni, na ga abin da ke tafe. Wata guda kafin rasuwarta na je na ce ta sayar mini da abin da ke tukunyar, in ba wa masu gona su yawaita mini. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Iri ba a sayarwa, mijin banza. In kana so, ka zo ranar da ruwa ya sauka mu shuka tare, ka dawo lokacin girbi in nuna maka wadda ake zaɓa. Sannan ka ɗiba."

Na ce mata bari in kai lodin nan kudu in dawo. Ta ce in je, ai ruwa ba ya jiran mota. Maganarmu ta ƙarshe ke nan, kuma ni ban shiga layin masu cewa an bar musu wasiyya ba.

To, ranar sadakar ukun, da na gama gaisawa da maza na shiga cikin gida. Mata sun cika tsakar gida, ana ta cura gumba ana jerawa a faifai don rabo. Gwaggo ta hango ni, ta sake sabon kuka, ta riƙe ni, sannan ta sa aka kawo mini curi biyu a tasa.

"Ci, ɗana, ka yi mata addu'a. Da hatsinta na hannunta muka yi, don ladan ya tafi mata kai tsaye."

Na gutsura. Fara ce fat, kuma a ƙarƙashin sukarin akwai ɗan ƙamshin hayaƙi. Ban haɗiye ba na miƙe na shiga ɗakin Kaka. Tukunyar tana kwance a gefen gado, lakar bakinta a farfashe a ƙasa. Na zura hannu, ba komai sai toka.

Gwaggo ta biyo ni tana bayani, da murya irin ta wadda ta yi abin kirki. Wai da suna gyaran ɗaki suka ga tsohuwa ta ɓoye hatsi a bayan gado, ka san tsofaffi da ɓoye-ɓoye, duk ta cika shi da toka, sai da suka ɓata safiya guda suna bakace. A gidan akwai gero a rumbu. Baba Babba ya sauke buhunan shinkafa a zaure inda kowa zai gani. Amma sai wannan tukunyar. Na tambaye ta ko ba wanda ya gaya mata iri ne. Ta ce wata tsohuwa maƙwabciya ta faɗi haka.

"Sai na ce mata, wadda ta mutu shuka za ta yi?"

'Yar manomi ce, jikar manomi, a ɗakin nan aka haife ta, a gindin tukunyar nan ta yi rarrafe. Ta ga hatsi cikin toka, bakin tukunya a liƙe da laka, ana saura kwanaki ruwa ya sauka, kuma abin da ya zo mata shi ne gumba. Abin da uwarta ta hana kanta ci da yunwa, ta tsare shi fiye da shekara sittin, ita ta gama da shi da safiya ɗaya, kuma tana jiran a ce mata Allah ya yi albarka.

Ban yi faɗa ba, faɗa ba ya mayar da gari tsaba. Na tambaya ko akwai ragowar da ba a surfa ba. Babu, duk an surfe an jiƙa an daka, kuma hatsin da ya sha surfe ba ya tsiro. Sai na tambayi inda aka yi bakacen. Aka nuna mini bayan madafi. Na tarar da kaji a kai suna tsattsaga. Na kore su, na nemo tsintsiya da buhu, na durƙusa da rigata ta gaisuwa na share wurin kaf: toka, ƙasa, dusa, kashin kaji. Duk macen da ta yi bakace sai ƙwaya ta zube mata, balle waɗannan da hannunsu ya manta faifai. Mata suka yi cirko-cirko suna kallo. Ina ji Gwaggo na gaya musu a yi mini uzuri, mutuwar ce ta taɓa ni, dama shi ne ɗan gaban goshinta. Na sami rabin buhu.

Saura inda zan zuba. Mahaifina ya riga Kaka rasuwa, don haka ko taku ɗaya ba ni da shi a gadonta, kuma na riga na ji Baba Babba ya yi wa direbansa maganar gayaunar tun ba a share makoki ba. Na san shi, kuma na san ciniki. Na bari sai da liman ya shafa addu'a, jama'a ba su watse ba, na matsa gabansa na durƙusa, na ɗaga murya yadda na baya za su ji. Na ce ina roƙon Baba alfarma, ya ara mini gayaunar tsohuwa damina ɗaya in shuka mata abin da ta saba shukawa, ya zama sadaka gare ta. Ya dubi liman, ya dubi jama'a.

"Haba ɗana, wannan ai ba sai ka roƙa ba."

Aka yi ta sa masa albarka. Da zai shiga mota ya kira ni gefe, fuskar nan ba fara'a, ya ce damina ɗaya, ranar da na yanke ranar tarakta za ta shiga.

Kwana tara bayan nan ruwa ya sauka. Na baza sharar nan a kan kunyoyi huɗu, na kewaye da ƙaya. Abin da ya fito sai wanda ya gani: ciyawa, yakuwa, gero, har da tumatir, duk abin da aka taɓa zubarwa a bayan madafin. Ni da ban taɓa riƙe fartanya da niyya ba, na koma ɗaukar babur daga Funtua duk Juma'a bayan masallaci, ina tsugune ina cire ciyawa da yatsa. Tsiron gero da na maiwa ba su da bambanci a idona, don haka duk mai kama da su na bari. Abokan kasuwa suka sa ni gaba, wai na bar sito na koma noman bola.

Ana cikin haka sadakar arba'in ta zo. Gwaggo ta aiko a ce mini, tunda ni ne mai hatsi, in kawo gero mai kyau irin na tsohuwa a yi gumba. Na shiga sito na zaɓo mafi lalacewa, tsohon gero na shekara biyu da ko masu kaji sun ƙi taya shi. Aka surfa, aka daka, aka zuba sukari. Gwaggo ta ɗanɗana ta lumshe ido, ta ce wallahi kamar na Inna, har ya tuna mata da ita. Baba Babba ya ci curi uku, cikinsa bai ɓaci ba.

Da damina ta raba, yawancin karan da na bari suka fitar da kai. Na san gero ne gama-gari, na tuge su. Saura tara suka tsaya ba kai, ganye kawai, suna ta tsawo. Tsutsa ta kashe uku. Akuyar maƙwabta ta karya ƙaya ta ci biyu. Huɗun da suka rage na yi ta zuwa ina dubawa har ruwa ya fara ja baya, mutane sun gama yankan gero sun manta. Wata Juma'a na iso na tarar sun fitar da kai, kuma da gashi. Na daɗe a tsaye a wurin. Ba wanda zan gaya wa a gidan da zai san abin da nake faɗi.

Da suka bushe na yanke su, na kai Funtua na rataye saman murhun matata wata biyu, na murje da hannu. Abin da ya fito bai cika tafi biyu ba. Ban san ko su ne waɗanda Kaka za ta zaɓa ba. Wannan karatun ya wuce ni, kuma ni na ƙi zuwa ɗauka.

Kuskure ɗaya na ga Kaka ta yi, kuma da tana raye a gabanta zan faɗa, ta ɗana mini ludayi. Ta tara komai a tukunya ɗaya, a ɗaki ɗaya, tana jiran 'ya'yan cikinta su waiwayo. Ni ko hatsin sayarwa ba na tara shi a sito guda. Na raba ƙwayar kashi uku, na ƙulla a tsumma da toka. Na ba wa ƙananan manoma uku cikin masu kawo mini hatsi mudu-mudu, waɗanda layin taki bai taɓa kaiwa kansu ba: ɗaya a Tsiga, ɗaya a Dayi, ɗaya can wajen Matazu. Ba wanda muka haɗa jini da shi a cikinsu. Na gaya wa kowanne yadda ake rataye ta da yadda ake liƙe ta, na ce in ta yawaita ya ba wa maƙwabcinsa, kuma in an tambaye shi ya ce maiwar wata tsohuwa ce daga ƙasar Tsiga, mai faɗa, mai tsabta, wadda ta taɓa korar tarakta da mazari.

Allah ya sanyaya mata makwanci, ya yalwata mata shi, ya yafe mata kaifin harshenta, ya saka mata da kowace loma da aka ci daga hannunta. Ladan gumbar nan ma Allah ya kai mata, tunda da guminta aka yi.

Matata ta tambaye ni me ya sa ban rage ko 'yar kaɗan a gida ba, bayan duk wahalar da na sha. Na ce mata 'ya'yana biyar, dukkansu suna ƙaunata, kuma wata rana za su tashi yi mini sadaka.